Dalma a cikin uwa, jijjiga a jikin ɗa: me ɓerayen gwaji suke nunawa?

Nafisa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirya gabatarwa kan gwaje-gwajen da ake yi wa ɓeraye masu ciki da gubar dalma, don a ga ko 'ya'yansu sun fi saurin kamuwa da jijjiga. Tsarin kusan ɗaya ne ko'ina. Ana zuba gishirin dalma, yawanci asitet, a ruwan shan uwar tun kafin barbara ko daga ranar da ciki ya shiga. Ta haihu bayan kwana 21 zuwa 23, a bar 'ya'yan su tasa, sannan a ba su maganin da ke tayar da jijjiga a ga yadda za su jure. Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Na farko, sakamakon bai zo ɗaya ba: wasu sun ga ɓerayen dalma suna faɗuwa da wuri, wasu ba su ga bambanci ba, wasu ma sai da wani magani bambancin ya fito amma da wani bai fito ba. Na biyu, an ce dalma tana toshe makarɓar NMDA, ɗaya daga cikin wuraren da ƙwayar jijiya ke karɓar saƙo, kuma magungunan da ke toshe NMDA rage jijjiga suke yi. To ta yaya abin da ke toshe ta zai ƙara jijjiga? Malamai a taimaka.

Auwal: Wa alaikumus salam. Ni tambayata ta riga taki. An san dalma guba ce tun zamanin Rumawa. An daina sa ta a fetur, ƙasa ta ƙarshe Aljeriya a 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi nata a jini da za a ce ba ya cutarwa. Me ya rage da sai an shayar da ɓera mai ciki guba, sannan a sa 'ya'yanta jijjiga da gangan?

Malam Ilyasu: Auwal, riƙe tambayarka, za mu dawo kanta. Nafisa, bari in fara da ta biyu, don idan ta warware, ta farko za ta yi sauƙi.

Ki ɗauki ƙwaƙwalwa kamar mota mai totur da birki. Gulutamet ne totur, shi ke zuga ƙwayoyin jijiya su yi harbi, kuma NMDA ɗaya ce daga cikin makarɓansa. GABA ne birki. Jijjiga tana zuwa ne idan zuga ta rinjayi dannewa, ƙwayoyi da yawa suka yi harbi a lokaci guda. Maganarki daidai ce idan babban ɓera aka toshe wa NMDA yau aka gwada shi yau. Amma ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ta gama haɗuwa ba, kuma NMDA tana cikin masu aikin haɗa ta. Ta nan kalsiyam ke shiga ƙwayar jijiya, shigarsa kuma ke faɗa wa ƙwayar wace mahaɗa za ta ƙarfafa, wacce za ta yar. Ƙwayoyin da ke fitar da GABA, musamman masu ɗauke da furotin fabalbumin a hifokamfus, sashen ƙwaƙwalwa mai aikin tunawa, suna buƙatar wannan saƙo da sinadarin BDNF mai raya jijiya kafin su gama girma. An ga raguwarsu a ɓerayen da suka tashi da dalma a jini. Ke nan abin da aka toshe a wata na fari ba shi ake aunawa a wata na uku ba. Abin da ake aunawa shi ne ƙwaƙwalwar da ta ginu a ƙarƙashin toshewar.

Kuma dalma ba a NMDA kaɗai take ɓarna ba. Jiki yana ɗaukarta a matsayin kalsiyam. Tana shiga inda yake shiga, tana kunna enzayim ɗin PKC da ɗan adadin da ko kusa bai kai na kalsiyam ba, wannan Markovac da Goldstein sun nuna shi a 1988. A bakin jijiya tana rage fitar saƙo a lokacin da ake buƙatarsa, tana kuma ƙara yoyonsa a lokacin da ba a buƙata. Sannan tana danne enzayim ɗin ALAD na haɗa jini, sai sinadarin ALA ya taru, shi kuwa a siffa yana kama da GABA.

Nafisa: Malam na gode. Ke nan toshewar ta ɗan lokaci ce, amma ginin da ya karkace shi ke zama.

Malam Ilyasu: Haka ake hasashe, kuma hujjojinsa ba su da rauni. Amma ki bambanta abin da aka gani a faranti ko a yankakkiyar ƙwaƙwalwa da abin da aka gani a ɓera mai rai. Na farkon ya fi na biyun tsabta nesa ba kusa ba.

Zainab: Bari in faɗa muku yadda gwajin yake a ido, don na tsaya a kansa lokacin da nake aikin digiri na biyu. Wanda aka fi yi shi ne na PTZ, maganin da ke danne makarɓar GABA. Za a auna nauyin ɓeran, a yi masa allura a ciki, a sa shi cikin akwatin roba mai garai-garai, a danna agogo. Da farko yana yawonsa yana shinshine kusurwa. Sai ya tsaya cak, ido a buɗe, gashin baki na rawa. Can sai wata zabura guda ɗaya ta bi jikin, kamar an ja shi ta wuya. Wannan zaburar ta farko ita ake rubuta lokacinta. Daga nan ƙafafun gaba su fara fizge-fizge, ya miƙe a kan na baya, ya tuntsure gefe. Idan adadin ya yi yawa sai sanƙarewa, ƙafafun baya su miƙe sambal. Ana ba kowane mataki maki, galibi da ma'aunin da Racine ya fitar a 1972 mai hawa biyar, ko wanda aka gyara daga gare shi.

Akwai hanyar da ta fi wannan daidai: a sa siririyar allura a jijiyar wutsiya, a riƙa ɗura maganin a hankali ba tsayawa, da zarar zaburar farko ta zo a tsayar, a lissafa miligiram nawa aka kashe a kan kowane kilo. Wannan adadin shi ne gejin ɓeran. Idan na rukunin dalma ya fi na rukunin kwatance ƙasa, sai a ce ya fi saurin kamuwa.

Abin da takardu ba sa cika faɗa shi ne yadda ƙananan abubuwa ke motsa gejin nan. Sanyin ɗaki, ƙarar ƙofa, safe aka yi ko yamma, hannun da ya riƙe ɓeran. Ga matan ɓeraye kuma akwai zagayen jikinsu na kwana 4 zuwa 5, domin sinadaran da ke fita daga furojestaron suna ƙarfafa GABA. Kuma idan mai ba da maki ya san wane ɓera ne na dalma, wallahi idonsa zai ga abin da yake son gani.

Jamilu: Anti Zainab ta taɓo inda nake so. Nafisa, duk takardar da kika ɗauka, kafin ki karanta sakamakonta ki nemi abu ɗaya: uwaye nawa aka yi amfani da su? Ɓera na haifar 'ya'ya goma, sha biyu a ciki ɗaya. Mai bincike sai ya shayar da uwaye uku, ya samu 'ya'ya talatin, ya rubuta cewa samfurinsa talatin ne. Ba talatin ba ne, uku ne. Uwar aka ba dalma, ba ɗan ba. 'Ya'yan ciki ɗaya sun haɗa gado, sun haɗa mahaifa, sun haɗa nono da irin rainon uwa. Idan aka ƙirga su ɗaiɗai, lissafi zai nuna bambanci ko da babu shi. Ƙa'ida ita ce a ɗauki ɗa ɗaya ko namiji da mace daga kowace haihuwa, ko a yi lissafin da ya san da zaman uwar. Rabin saɓanin da kike gani zai iya kasancewa daga nan ne.

Malam Ilyasu: Rabi ya yi yawa, Jamilu. Akwai saɓanin da na gaske ne, ba na lissafi ba. Magungunan tayar da jijjiga ba hanya ɗaya suke bi ba. PTZ da fikirotoksin ta hanyar GABA suke bi. Sinadarin kayinet ta makarɓan gulutamet yake bi. Filokafin ta asitilkolin, wani sinadarin saƙon jijiya daban. Gwajin tayar da jijjiga da wutar lantarki kuwa yaɗuwar jijjigar yake aunawa fiye da farawarta. Idan dalma ta raunana ɓangaren dannewa ta kuma dakushe wani ɓangare na zuga, ai dole amsa ta bambanta gwargwadon ƙofar da ka ƙwanƙwasa. Tun 1979 Ellen Silbergeld da abokan aikinta suka ba da rahoton cewa ɓerayen da suka samu dalma tun suna jarirai, ba tare da ƙwaƙwalwarsu ta kumbura ba, sun fi jin tasirin magungunan da ke taɓa GABA. Ni a ganina wannan ɓangaren ne ya fi tsayuwa da ƙafarsa har yau. Wanda ya zo ya ce dalma tana ƙara jijjiga, bai faɗi da wane magani ba, a wane shekaru ba, da wane adadi a jini ba, bai faɗi komai ba tukuna.

Jamilu: Na yarda da wannan, Malam, amma ban janye ba. Kafin a yi wa saɓani bayani sai an tabbatar akwai shi.

Dakta Bashir: Ina bin ku tun ɗazu. Ni likitan yara ne, kuma akwai abin da nake tsoron mai karatu ya tafi da shi ba daidai ba. Ɓeran da gejinsa ya sauka ba mai farfaɗiya ba ne. Farfaɗiya ita ce jijjiga ta riƙa dawowa da kanta ba tare da an tsokano ta ba. Ɓerayen nan suna zaune lafiya a kejinsu har ranar da aka yi musu allura. Don a ce suna da farfaɗiya sai an dasa musu wayoyin auna ƙwaƙwalwa, an sa kyamara a kansu dare da rana na makonni, an ga jijjiga ta zo babu dalili. Wannan aiki ne mai tsada, shi ya sa ba kowa ke yin sa ba.

A yara kuma abu biyu ne daban. Akwai gubar da ta yi yawa, dalma a jini ta haura maikirogiram 70 zuwa 100 a kowace desilita: amai, magagi, kumburin ƙwaƙwalwa, jijjigar da ba ta jin magani, suma, wani lokaci mutuwa. Wannan babu gardama a kansa, kuma wanda ya tsira yakan iya tashi da farfaɗiya. Akwai kuma ƙaramin adadi, wanda yaro ke yawo da shi babu alama. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa 10 a matsayin abin damuwa a 1991, ta mayar da ma'auninta 5 a 2012, sannan 3.5 a 2021. A wannan matakin abin da aka tabbatar shi ne raguwar basira, ƙarancin natsuwa da matsalar ɗabi'a, tun daga aikin Herbert Needleman na 1979 da ya auna dalma a haƙoran nono da yara suka zubar. Batun jijjiga a wannan matakin shi ne ake neman haske a kansa ta hanyar ɓera.

Hadiza: Dakta, ni ungozoma ce, tambayata ta aiki ce. Mace ta taso kusa da inda ake narka tsofaffin batura, ko a gida mai tsohon fenti, amma ta bar wurin shekaru kafin aure. Cikinta ya tsira?

Dakta Bashir: Ba lallai ba, Sista. A jini dalma tana raguwa da rabi cikin kamar wata guda, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar jikin babba a ƙashi da haƙori take, kuma can tana shekaru gommai. Idan ciki ya tsufa, jiki yana kwaso kalsiyam daga ƙashin uwa don gina na jariri, dalmar sai ta biyo shi. Mabiyiya ba ta tare ta. Abin da ake samu a jinin cibiya yana kusa da na uwa. Haka abin ke ci gaba lokacin shayarwa. An yi gwaji a birnin Meziko inda aka ba masu ciki kalsiyam miligiram 1,200 a rana, dalmar jininsu ta ɗan sauka. Kaɗan ne, amma sauka ce. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini ma yana sa hanji ya ƙara tsotse dalma, don haka gyara shi yana cikin kariya.

Nafisa: Wannan ya tayar mini da wata. A ɓera ana fara ba uwar dalma ne mako biyu ko uku kafin ciki. Ita kuwa mace shekara ashirin take tarawa. Anya abu ɗaya ne?

Malam Ilyasu: Ba ɗaya ba ne, kuma akwai gibin da ya fi wannan girma. Ana haifar ɓera ƙwaƙwalwarsa ɗanya sharaf. Sai ya kai kwana 7 zuwa 10 a duniya sannan ta yi daidai da ta jaririn mutum ranar haihuwa. Wato cikin ɓera gaba ɗaya yana tsayawa ne wajen wata shida na farko na cikin mace. Watanni ukun ƙarshe, lokacin da ƙwaƙwalwa ke girma da gudu ana ƙulla mahaɗai, ɓera a waje yake yin su yana shan nono. A wannan lokacin ne ma GABA ke juyawa. A ƙwaƙwalwar da ba ta nuna ba, kuloraid ya fi yawa a cikin ƙwaya, sai GABA ya zama mai zuga maimakon mai dannewa. Sai furotin KCC2 ya ƙaru ya fara fitar da kuloraid, a ɓera wajen mako na biyu bayan haihuwa, sannan GABA ya kama aikinsa na dannewa. Wanda ya tsayar da dalma ranar haihuwa ya ce ya kwaikwayi cikin mace, bai kai ga wannan zangon ba.

Zainab: Kuma ko ya tsayar bai tsaya ba. Ka cire kwalbar dalma ranar haihuwa, uwar na nan da ita a ƙashi, tana zubowa a nono. Hanyar raba su ɗaya ce, a yi musayar riƙo cikin kwana ɗaya ko biyu da haihuwa. 'Ya'yan uwar dalma a kai su ga uwa mai tsabta, na mai tsabta a kai ga uwar dalma. Sai ka samu rukuni huɗu: na ciki kaɗai, na nono kaɗai, na duka biyu, da wanda bai samu komai ba. Ana shafa wa jariran shimfiɗar kejin sabuwar uwar don warin ya bi su, in ba haka ba takan ƙi su. Takardar da ta ce kafin haihuwa a takenta amma ba ta yi wannan ba, ki sa mata alamar tambaya.

Jamilu: Ki ƙara da nauyi. Dalma mai yawa a ruwa tana sa uwa ta rage sha da ci, 'ya'ya su fito ƙanana. Yunwa da kanta tana canja gejin jijjiga. Tsofaffin gwaje-gwaje irin na Pentschew da Garro a 1966 da manyan adadi aka yi su, har jariran ɓera suka shanye ta baya, jini ya zuba a ƙaramar ƙwaƙwalwa. Sun koyar da abu mai yawa game da guba mai tsanani, amma ba su ne madubin yaro mai 5 a jini ba.

Auwal: Kun ga duk abin da kuka faɗa ni yake goya wa baya. Lokaci bai yi daidai da na mutum ba, lissafi da kuskure, jijjigar ma ta allura ce. To a bar dabbobin nan su huta mana. Kuɗin a kai shi wajen cire fenti da bututun ruwa, kamar yadda abin da ya faru a birnin Flint na Amurka daga 2014, inda dalmar bututu ta shiga ruwan sha, ya nuna ana buƙata.

Dakta Bashir: Auwal, a kan rigakafi ba ni da ja da kai ko kaɗan. An gwada maganin sukusima mai fitar da dalma a yaran da ke da 20 zuwa 44 a jini, sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna dalmar ta sauka amma basirar ba ta dawo ba. Saboda haka hana shigarta shi ne magani. Amma yaran da ta riga ta shiga fa? Suna nan da miliyoyinsu. Kowane yaro zai yi zazzaɓi mai zafi, wani zai faɗi ya bugi kai, wani zai kamu da sanƙarau. Yaro biyu su yi zazzaɓi iri ɗaya, ɗaya ya yi jijjiga ɗaya bai yi ba. Idan dalmar ciki tana cikin abin da ke raba su, ina son in sani, kuma ba zan iya raba mata masu ciki gida biyu in shayar da rabi ba. A mutane kuma dalma ba ta zuwa ita kaɗai, tana tafe da talauci, ƙarancin abinci mai gina jiki, haihuwa mai wahala. A keji ne kawai za ka riƙe sauran ka motsa ɗaya.

Auwal: To a gwada da zazzaɓin mana, ba da PTZ ba. Wane yaro ne ake yi wa allurar PTZ?

Malam Ilyasu: Nan kam ka kama gaskiya. Akwai tsarin da ake ɗumama jariran ɓera wajen kwana 10 da haihuwa har zafin jiki ya tayar da jijjiga, kuma ya fi kusa da tambayar Dakta. Akwai kuma na Graham Goddard na ƙarshen shekarun 1960, inda ake ba ƙwaƙwalwa ɗan ƙaramin lantarki kullum, wanda da farko ba ya yin komai, har a wayi gari ya tayar da cikakkiyar jijjiga. Shi yana auna saurin da ƙwaƙwalwa ke koyon jijjiga ne, wanda ya fi kusa da yadda farfaɗiya ke samuwa. Batun haɗuwar dalma da wani abu ma ba sabo ba ne, Deborah Cory-Slechta ta daɗe tana nuna cewa dalma da damuwar uwa mai ciki idan suka haɗu, tasirinsu a 'ya'ya ya bambanta da na kowanne shi kaɗai, kuma na maza daban da na mata. Game da tausayin dabba kuwa, ƙa'idar Russell da Burch ta 1959 tana nan: a maye gurbinsu inda zai yiwu, a rage yawansu, a sassauta wahalarsu. Gwajin da aka yi da uwaye uku ya karya ƙa'idar, domin an wahalar da dabba an tashi babu amsa.

Auwal: A kan wannan na ƙarshen mun haɗu. Sauran ina nan a kan bakana.

Hadiza: Ni dai na ƙaru. Zan ƙara tambayar sana'ar miji da inda mace ta taso a cikin tambayoyin awon farko, don ƙurar dalma a tufafin aiki ma takan biyo mutum gida.

Nafisa: Allah ya saka wa kowa. Zan yi tebur, kowace takarda layi ɗaya: irin ɓeran, Wistar ne ko Sprague-Dawley ko Long-Evans, yawan uwaye, dalmar jini ba ta kwalba ba, an yi musayar riƙo ko ba a yi ba, shekarun gwaji, jinsi, da maganin da aka tayar da jijjigar da shi. Malam Jamilu, idan takarda ba ta faɗi yawan uwaye ba sam, in cire ta ko in bar ta da alama?

Jamilu: Bar ta da alama, ki ware irinsu a ƙasan teburin. Ki duba ko su ne suka fi ba da sakamako mai ƙarfi, sai ki turo mana mu gani.